Yadda ƙungiyoyinmu da masallatanmu a Amurka za su kare yafiyar haraji ba tare da sun kame baki ba

Ranar da aka ɗora mini riƙon littafin kuɗi na ƙungiyarmu ta 'yan gida a unguwar Bronx ta birnin Niyok, tsohon sakatarenmu, dattijo mai amana, ya miƙo mini wata jakar leda da ta daɗe a bayan motarsa. Rasit ne a ciki, da takardun banki, da jerin sunayen waɗanda suka yi karo-karo lokacin da muka kai gawar wani ɗan'uwa gida. A can ƙasa na tarar da ambulan daga hukumar harajin tarayya, IRS, ba a ko buɗe shi ba. Na yage shi a nan ɗakin ƙasa na masallaci inda muke taro, na karanta, jikina ya yi sanyi. An soke mana yafiyar haraji tun watanni da suka wuce, saboda shekara uku a jere ba mu aika rahoton shekara ba. Babu wanda ya zalunce mu, mu muka yi sake. Amma tun daga ranar nake tunanin abin da zai faru da a ce akwai mai iko da ke neman mu da sharri a lokacin.

Kuma masu iko suna neman ƙungiyoyi. A Nuwamba 2024 Majalisar Wakilai ta amince, da ƙuri'a 219 a kan 184, da wani ƙuduri mai lamba H.R. 9495 da zai bai wa sakataren Baitulmali damar ayyana ƙungiya a matsayin mai tallafa wa ta'addanci ya ƙwace mata yafiyar haraji, ba tare da an fara zuwa gaban alƙali ba. Ƙudurin bai tsallake Majalisar Dattawa ba. A Afrilu 2025 Shugaba Donald Trump ya fito fili ya ce a duba yiwuwar cire wa jami'ar Harvard tata yafiyar. Abin kuma ba na jam'iyya ɗaya ba ne: a zamanin Nixon an kafa wani sashe a IRS don sa ido a kan ƙungiyoyin masu fafutika, a 2013 kuma hukumar ta nemi afuwa kan yadda ta riƙa jan ƙafa da tsananta wa ƙungiyoyin masu ra'ayin riƙau tambayoyi. Idan Harvard da dukiyarta tana neman lauyoyi, ƙungiyar direbobin tasi da masu kitso ba ta da dalilin yin barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka aikin farko shi ne toshe tsaga.

Mataki na farko: ku san takardar da ke hannunku

Mutanenmu da yawa suna haɗa abu biyu. Rajistar ƙungiya a jiha daban, yafiyar harajin tarayya daban. Takardar da jihar Niyok ko Ohio ta ba ku tana nuna ƙungiyar ta wanzu ne kawai. Yafiyar da ke ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin tarayya, wadda ke sa mai ba ku sadaka ya iya rage harajinsa, daga IRS take fitowa, bayan an cika fom 1023. Ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce dala 50,000 a shekara ba kuma dukiyarsu ba ta haura dala 250,000 ba, suna iya cika gajeren fom 1023-EZ. Idan aka aika cikin wata 27 da kafa ƙungiya, yafiyar tana komawa har ranar kafawa.

Masallaci yana da nasa matsayi. Doka tana kallonsa kamar coci da majami'ar Yahudawa: yafiyarsa tana nan ko bai nema ba, kuma ba dole ya aika rahoton shekara ba. Duk da haka ina ba kowane kwamitin masallaci shawara ya nemi wasiƙar amincewa, don banki da masu ba da tallafi ita suke tambaya. Kada kuma ƙungiyar 'yan gari ɗaya ta ɗauka cewa don tana taro a masallaci kuma tana buɗewa da addu'a ta zama wurin ibada a idon doka. Wannan zaton shi ya kai mu ga abin da na faɗa a sama.

Ku shiga shafin IRS na binciken ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji, ku sa lambar EIN ɗinku, wato lambar shaidar ƙungiya a wurin IRS, ku ga ko sunanku yana nan da rai. Minti biyar ne.

Mataki na biyu: rahoton shekara

Ƙungiyar da kuɗin shigarta bai saba wuce dala 50,000 ba, fom 990-N za ta cika a intanet, 'yan tambayoyi ne kawai. Wadda ke ƙasa da dala 200,000 kuma dukiyarta ba ta kai dala 500,000 ba, 990-EZ. Daga nan sai cikakken fom 990. Wa'adi shi ne ranar 15 ga wata na biyar bayan rufe shekarar kuɗi, wato 15 ga Mayu ga mai rufewa a Disamba. Shekara uku a jere babu rahoto, yafiya ta faɗi da kanta, ba sai wani jami'i ya yi bincike ba. A 2011, karon farko da wannan doka ta yi cizo, ƙungiyoyi kusan 275,000 suka rasa matsayinsu.

Mu Allah ya taimake mu ba mu wuce wata 15 da sokewar ba, sai muka sake cika fom, muka biya kuɗinsa, aka maido mana ita tun daga ranar da ta faɗi. Duk lokacin da kuka sauya adireshi ko wanda ke da alhakin ƙungiya, ku aika fom 8822-B. Ku kuma duba abin da jiharku ke nema. A Niyok ofishin babban lauyan jiha yana da nasa rajistar da nasa rahoton shekara.

Sauran abin duk sananne ne, sai dai a daure a yi: asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu a manyan kuɗi, rubuta abin da aka yanke a kowane taron amintattu, rasit a rubuce ga duk wanda ya ba da dala 250 ko fiye. Kuɗin akwatin Juma'a mutum biyu su ƙirga, su rubuta, a kai banki.

Mataki na uku: ku san iyakar magana, don ku daina jin tsoron abin da bai haramta ba

A nan na fi so in daɗe, domin na ga yadda tsoro ya rufe bakin malamai da shugabanni fiye da yadda doka ta nema. An sha cewa a taro, «Mu fa ba ruwanmu da siyasa, za a ƙwace mana takarda.» Daga nan sai a ƙi sa hannu a wasiƙar ƙorafi kan hayar gidaje, a ƙi magana kan dokar shige da fice, a ƙi ko da addu'a a fili ga mutanen Gaza ko Sudan.

Abin da aka hana ƙwarai guda ɗaya ne. Tun 1954, sakamakon gyaran da Lyndon Johnson ya shigar yana sanata, ƙungiyar 501(c)(3) ba za ta goyi bayan ɗan takara ko ta yi adawa da shi ba, da kuɗi ko da baki ko da kayan aikinta. Sukar manufar gwamnati, da kiran sunan shugaban da ya kawo ta, da shirya zanga-zangar lumana, da kai gwamnati ƙara, duk suna nan a halasce, kuma gyara na farko na tsarin mulkin Amurka yana kare su.

Labari biyu sun isa su nuna inda layin yake. A Yuli 2004 shugaban ƙungiyar baƙar fata ta NAACP, Julian Bond, ya soki gwamnatin George W. Bush da kakkausar murya a babban taronsu. Ana saura 'yan makonni zaɓe sai ga wasiƙar bincike daga IRS. Ƙungiyar ta ƙi miƙa wuya, ta fito ta gaya wa duniya, a 2006 aka rufe binciken yafiyarta na nan daram. Shi kuwa wani coci a jihar Niyok, mai suna Church at Pierce Creek, ya sayi shafi guda a jaridun USA Today da Washington Times kwana huɗu kafin zaɓen 1992 yana gargaɗin Kiristoci kada su zaɓi Bill Clinton, har yana neman gudummawa a ƙasan tallar. An soke yafiyarsa a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000.

To a aikace ga yadda za ku yi. Liman ko shugaban ƙungiya yana da 'yancin goyon bayan wanda ya so a ƙashin kansa, a gidansa, a shafinsa na Facebook, a gangamin ɗan takara. Kada dai ya yi da takardar ƙungiya, ko a zauren WhatsApp na sanarwar ƙungiya, ko a taronta na hukuma. Idan ɗan takarar kansila ya nemi zuwa gaisuwar Juma'a, kuma a Bronx suna zuwa duk lokacin zaɓe, ku rubuta wa abokan takararsa su ma ku ba su dama iri ɗaya, ku adana kwafin wasiƙar, mai gabatarwa ya faɗa a fili cewa masallaci ba ya bayan kowa, kuma kada a tara masa kuɗi a wurin. A Yuli 2025 IRS ta bayyana a wata takardar kotu a Texas cewa maganar da wurin ibada ya yi wa mabiyansa a lokacin ibada kan zaɓe ba ta saɓa wa wannan hani ba. Matsayi ne da aka faɗa a shari'a guda, rubutun dokar kuwa Majalisa ce ke da ikon sauya shi. Ni dai ba zan ɗora makomar masallaci a kan abin da wata gwamnati za ta iya juyawa ba, balle ma mumbarin da ya zama na ɗan takara ɗaya yana raba sahu.

Ku kula da siyasar gida ita ma. Lauyoyin wannan fanni suna ɗaukar hanin ya shafi zaɓen ƙasashen waje, don haka idan ɗan takarar gwamna daga Kano ko ɗan majalisa daga Kumasi ya zo yawon neman goyon bayan 'yan ƙasa mazauna waje, magoya bayansa su kama masa zaure da kuɗinsu da sunansu. Wanda kuma zai riƙa yi wa wata gwamnati ko jam'iyyar waje aiki a Amurka, akwai dokar FARA ta 1938 da ke iya wajabta masa rajista.

Yi wa mutane rajistar zaɓe halas ne muddin ba a karkata ga jam'iyya ba. Amma a cikinmu akwai haɗari na musamman: wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da girinkad, idan ya yi rajistar zaɓen tarayya ko ya jefa ƙuri'a zai iya jawo wa kansa kora. Mai riƙe da teburin rajista ya faɗi wannan da Hausa da Zabarmanci da Faransanci kafin ya miƙa biro.

Mataki na huɗu: kamun ƙafa a majalisa

Neman 'yan majalisa su amince da wani ƙuduri ko su ƙi shi bai haramta ba, an dai ce kada ya zama babban kaso na aikinku. Da yake wannan ma'auni ba shi da lamba, ƙungiyar da ba wurin ibada ba tana iya cika fom 5768, shafi ɗaya, ta koma ƙarƙashin sashe na 501(h). Daga nan lissafi ya fito sarari: abin da za ku iya kashewa a kamun ƙafa shi ne kashi 20 cikin ɗari na dala 500,000 na farko da kuke kashewa a aikinku, kuma rubu'in wannan adadi ne kawai za a iya kashewa wajen kiran jama'a su matsa wa 'yan majalisa. Ƙungiya mai kasafin dala 40,000 tana da dala 8,000 kenan, kuma lokacin da 'yan sa-kai suka bayar kyauta ba ya shiga lissafi. Masallatai ba sa iya zaɓar wannan tsari.

Mataki na biyar: kuɗin da ake aikawa gida

Nan ne ƙofar da ta fi haɗari gare mu, kuma nan muka fi sakaci, saboda amana muka saba aiki da ita. Ambaliya ta ci gari, a tara kuɗi, a tura wa ƙanin wane ya raba. Niyya kyakkyawa, takarda babu.

Amurka ta sa Boko Haram da Ansaru a jerin ƙungiyoyin ta'addanci na waje a Nuwamba 2013, ta ƙara reshen IS na Afirka ta Yamma da JNIM ta yankin Sahel a 2018. Ba wa irin waɗannan ƙungiyoyi kowane irin tallafi da sani laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 20, kuma a 2010 Kotun Ƙoli ta ce ko horo kan hanyoyin sulhu ne aka ba su yana iya shiga ciki. Sashe na 501(p) kuma yana dakatar da yafiyar duk ƙungiyar da aka sa a jerin. Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan suna tuna Holy Land Foundation ta Texas, wadda ita ce babbar ƙungiyar agaji ta Musulmi a Amurka kafin a rufe asusunta a Disamba 2001. A 2008 aka samu shugabanninta biyar da laifi kan kuɗin da suka aika wa kwamitocin zakka a Falasɗinu, waɗanda gwamnati ta ce Hamas ke juya su. Ƙungiyar agaji ta KindHearts da ke Ohio kuwa an daskarar da dukiyarta a 2006 da sunan ana bincike, alƙalin tarayya ya ce a 2009 an tauye mata haƙƙi, amma ƙarshenta rufewa ta yi.

Wannan ba dalilin daina taimakon Maiduguri ko Diffa ko Tillaberi ba ne. Kafin a tura ko dala ɗaya, amintattu su zauna su amince da aikin, a rubuta. A duba sunan mai karɓa da na shugabannin ƙungiyarsa a jerin takunkumi na OFAC, ofishin Baitulmali mai kula da takunkumi, wanda kowa ke iya bincikawa kyauta a intanet, a buga sakamakon da kwanan wata a ajiye. A yi 'yar yarjejeniya mai shafi ɗaya: nawa, don me, yaushe za a kawo rahoto. A tura ta banki ko kamfanin aika kuɗi mai lasisi, da sunan ƙungiya, kada a ba matafiyi a ambulan. Sannan a karɓi rasit ɗin buhunan hatsi, da hotunan rijiyar, da sunayen unguwannin da aka raba. Akwai kuma wata ƙa'ida ta haraji: ƙungiyarku ce dole ta riƙe ikon yanke inda kuɗi za su. Idan kun zama bututu kawai, mai kuɗi ya ce a miƙa wa makarantar ƙauyensu ku kuma ku miƙa ba tare da naku nazari ba, ragin harajinsa bai inganta ba.

Mataki na shida: sunayen mambobi amana ne

A 1956 jihar Alabama ta nemi NAACP ta miƙa jerin mambobinta. Ta ƙi, aka ci ta tarar dala 100,000, a 1958 Kotun Ƙoli ta ce tilasta bayyana sunayen tauye 'yancin haɗuwa ne. A 2021 kotun ta sake hana Kalifoniya karɓar sunayen manyan masu ba da gudummawa daga kowace ƙungiya haka kawai. IRS tana karɓar sunayen masu bayar da manyan kuɗi, galibi dala 5,000 zuwa sama, a wani rataye na fom 990, amma ana cire su daga kwafin da jama'a ke gani.

Abin da ba ku rubuta ba, ba wanda zai nema a hannunku. Ƙungiyar jana'iza ba ta da buƙatar sanin wanda ke da takardun zama da wanda ba shi da su, kada ta tambaya, kada ta rubuta. Ku tsara tun yanzu, a rubuce, takardun da ake ajiyewa da tsawon lokacinsu. Amma da zarar kun ji ƙishin-ƙishin bincike, kada a goge ko saƙo ɗaya. Lalata takardu don kauce wa binciken tarayya babban laifi ne mai zaman kansa.

Mataki na bakwai: ranar da wasiƙa ko jami'i ya zo

A Fabrairu 2024 jami'an babban lauyan Texas, Ken Paxton, suka je Annunciation House, gidan Katolika mai karɓar baƙin haure a El Paso, suka ce a kawo musu takardu washegari. Gidan bai miƙa ba, bai kuma yi taurin kai ba, kotu ya garzaya ya nemi alƙali ya faɗi abin da ya wajaba a bayar. Shari'ar ta yi tsawo, a 2025 kotun ƙolin jihar ta bar babban lauyan ya ci gaba da ƙararsa, amma gidan ya samu lokaci da lauyoyi da idon jama'a.

Idan wasiƙar IRS ce, ku rubuta ranar da ta iso, ku kira lauya ko akawu mai lasisi, ku ba shi wakilci da fom 2848, ku amsa abin da aka tambaya kaɗai, a rubuce. Shugaban ƙasa ba ya soke yafiya da sanarwa. Sashe na 7217 ma ya mai da shi laifi ga shugaban ƙasa ko mataimakinsa ko ma'aikatan fadarsu su nemi a binciki wani mai biyan haraji, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyar. Sai an yi bincike, a aiko da shawarar sokewa, ku samu kwana 30 ku ɗaukaka ƙara a cikin hukumar. Idan wasiƙar ƙarshe ta fito, kuna da kwana 90 ku shigar da ƙara a Kotun Haraji ko ɗaya daga kotunan tarayya biyu da ke Washington, ƙarƙashin sashe na 7428. Waɗannan ranaku ba a ɗaga su don azumi ko tafiya gida. Masallaci yana da ƙarin kariya a sashe na 7611: sai babban jami'in Baitulmali ya rubuta dalilin zarginsa, a aiko da sanarwa, a ba da damar zama kafin a taɓa littattafai.

Wani lokaci matsin ta bayan gida yake zuwa, a tsorata bankinku ko kamfanin inshorarku ko mai gidan da kuke haya. A 2024 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka ce jami'i ba shi da ikon tursasa wa kamfanoni su yanke hulɗa da ƙungiya don hukunta ra'ayinta. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ce ta kai ƙarar, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU kuma, wadda ba ta jituwa da ita a ra'ayi, ta tsaya mata. Idan banki ya rufe muku asusu, ku nemi bayani a rubuce, ku adana kowace wasiƙa, kuma tun kafin nan ku buɗe asusu na biyu a wani bankin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku san lauyanku tun yanzu. ACLU, da Muslim Advocates, da shirin Bolder Advocacy, da Lawyers Alliance for New York duk suna aiki a wannan fage. Ku zaɓi mutum ɗaya mai magana da yawun ƙungiya, kuma ya kasance ɗan ƙasa, domin mai biza ko girinkad yana ɗaukar haɗarin da ɗan ƙasa ba ya ɗauka idan ya tsaya gaban kyamara. Ku koya wa ladan da mai shara da malamar Islamiyya abin da za su faɗa idan jami'i ya ƙwanƙwasa ƙofa: a gaishe shi da mutunci, a nemi katinsa, a tambaye shi ko yana da waranti mai sa hannun alƙali, a ce masa lauyanmu zai kira ka. A wurinmu mun rubuta waɗannan jimloli da Hausa da Turanci a kwali, da lambar lauya a ƙasa, muka manna a bango kusa da wurin ajiye takalma.